MUN JE YAMAI KALLON GIDAN KAKANNI, ALHALI NA GARINMU YANA ZUBEWA

Zuwa ga rassa duka. A karanta wannan takarda a taron mako da babbar murya, don wanda bai yi lakkwal ba shi ma ya ji, ya kuma faɗi nasa.



A watan da ya wuce wata hidima ta kai mu Yamai, mu biyar daga reshenmu. Muka gama abin da ya kai mu tun da hantsi, mota kuwa ba ta tashi sai kashegari da asuba. Sai ɗaya daga cikinmu ya ce mu je mu yini a Muze, wato babban gidan tarihi na ƙasa, wanda ake kira da sunan Bubu Hama, can kusa da kogin Isa. Muka biya kuɗin ƙofa muka shiga. Na shiga don kallo, na fito raina a ɓace. Na ga kuwa ɓacin ran nan bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba, domin kowane ɗayanku yana da kaso a ciki.

ABIN DA MUKA GANI

Kada wani ya ce na zo zagin gidan ne. Ko kusa. Waɗanda suka kafa shi sun yi aikin kirki, Allah ya saka musu. A 1959 aka buɗe shi, saura ƴan watanni ƙasar nan ta karɓi mulkin kanta ran 3 ga Agusta 1960. Bubu Hama, malamin makaranta kuma marubuci, wanda ya shugabanci Majalisar Dokoki har 1974, shi ya tsaya a kan maganar. Wani masanin kayan da, Pablo Toucet, ɗan asalin ƙasar Spaniya, shi ya fara riƙon gidan.

Fili ne babba, wajen hekta 24. Ɗakunan ajiya a warwatse suke cikin itatuwa, an yi musu fasali da zane irin na ginin Hausa. Mun ga tufafin ƙabilun ƙasar nan da kayan kiɗansu. Mun ga ƙasusuwan manyan dabbobin farkon duniya da aka tono a Gadufawa. Mun ga gawar itacen nan na Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a cikin hamada har mota ta buge shi a 1973, aka ɗauko shi aka gina masa ɗaki. Mun ga zaki da kura da dorina. Mun ga maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna sana'arsu a gaban jama'a, suna sayarwa. Yara kuwa ga su nan birjik, ƴan lakkwal da almajirai, kowa baki buɗe.

Daga nan muka isa inda aka jera mazaunin jama'ar ƙasa, kowace ƙabila da irin nata: ga na Bahaushe, ga na Bazabarme, ga na Bafillace, ga tantin Buzu. Mutum ya taka kaɗan ya zaga Nijar duka. A nan ne abin ya faru.

MAI KWAT DA MAGINI

A cikinmu akwai dattijo guda, magini ne ɗan magina, tun yana yaro yake miƙa tubali. Yana tsaye yana shafa bango da tafin hannu, kamar mai duba doki a kasuwa, sai ga wani mai kwat da tabarau ya iso da ƴaƴansa biyu. Baƙin mutum ne kamarmu, ɗan ƙasar nan. Ya nuna musu ginin da ɗan yatsa, ya ce da su cikin Faransanci wai su duba, haka mutanen da suke kwana a cikin laka kamar gara. Yaran suka yi dariya.

Dattijon ya tambaye ni me ya ce. Na so in ɓoye, ya matsa, na faɗa masa. Sai ya matsa kusa da mutumin ya yi masa sallama, ya ce, "Ɗana, a wane gari aka yanke maka cibiya?" Mutumin ya amsa da Hausa tsantsa, ya faɗi sunan wani ƙauye. Dattijo ya ce, "Madalla, na san garin. To, ɗakin da mahaifiyarka ta yi wankan jegonka a ciki, da me aka gina shi?" Mai kwat ya duba agogonsa, ya ce, "Baba, zamani ya canza," ya ja yaransa suka nufi wajen zaki.

Muka zauna a inuwa. Dattijo ya yi shiru, can ya ce mu ƙirga masa mutanen da suka rage a garinmu waɗanda za su iya ɗaure bakan gizo tun daga tushe har a rufe, ba tare da an nuna musu ba. Muka yi ta lissafi. Ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ƙaramin cikinsu ya yi furfura.

Ƴan'uwa, dariyar yaran nan ba ta dame ni kamar lissafin nan ba. Mai kwat mutum ɗaya ne. Amma wa ya hana ɗansa koyon gini don kada a ce masa mai wasa da laka? Wa ya rushe zauren ubansa ya kafa shagon bulo? Mu ne. Abin da mai kwat ya faɗa da baki, mu mun daɗe muna faɗarsa da diga da shebur.

IDO IRI BIYU NE

Jera gidajen mutane a fili don a zo a gani ba a Yamai aka fara ba. Asalinsa biyu ne, kuma wajibi ne kowane ɗan reshe ya san su, don ya san da wane ido yake kallo.

Na farko shi ne na ƴan mulkin mallaka. A 1931, daga watan Mayu zuwa Nuwamba, Faransa ta yi babban bikin nuna ƙasashen da ta mallaka, a dajin Vincennes da ke bakin birnin Paris, a ƙarƙashin Marshal Lyautey. Aka kwaikwayi ginin ƙasa irin na Jenne da Tumbutu. Aka kwaso mutane daga Afirka aka zaunar da su a ciki, wannan yana saƙa, wancan yana ƙira, miliyoyin Nasara suna wucewa suna leƙa su. Manufar a fili take: a nuna wa talakan Faransa cewa ga irin mutanen da ake mulka, ga kuma dalilin da ya sa sai an mulke su. Da biki ya watse aka rushe kusan dukan gine-ginen, don dama ba don su daɗe aka yi su ba.

Na biyu shi ne na ƙasar Suwidin. A 1891 wani malami mai suna Artur Hazelius ya ga masana'antu da jirgin ƙasa suna cinye zaman ƙauye a ƙasarsu, matasa suna gudu birni, tsofaffin gidaje suna ruɓewa. Sai ya kama sayen gidajen manoma da rumbuna da shagunan masu sana'a, ana kwance su, ana kawo su kan wani tudu a birnin Stockholm, ana sake haɗa su. Wurin shi ake kira Skansen. Gine-ginen da aka tara a can sun kai wajen 150, har da wani tsohon coci na katako da aka ɗauko daga ƙauye. Akwai masu gasa burodi da masu hura gilashi suna aiki irin na da. Mutanen Suwidin ba su rasa siminti ba, ba su rasa ƙarfe ba. Duk da haka attajirinsu yakan kama hannun ɗansa ya kai shi gaban bukkar da aka rufe da ciyawa, ya ce masa daga nan muka fito.

Kun ga bambancin? A Vincennes ubangida ne yake nuna barorinsa. A Skansen jama'a ce take nuna wa ƴaƴanta kanta. Waɗanda suka kafa gidanmu na Yamai irin na biyun suka nufa. Mai kwat kuwa ya shigo da idon 1931 a bayan tabaraunsa. Nasara ya tafi tun 1960, ya bar idonsa aro a fuskar ɗanmu.

GINI NA ƘASA BA YA ƘAURA

Yanzu ga maganar da na fi so ku riƙe. Wani zai ce, to, mu yi yadda Suwidin ta yi mana: a kwashe tsofaffin gine-gine a kai Yamai a killace, mu kuwa mu huta mu yi ginin zamani. Wannan magana ta wanda bai taɓa riƙe tubali ba ce. Gidan Suwidin na gungumen itace ne. Ana sa wa kowane gungume lamba, a kwance, a loda, a je a mayar da kowanne gurbinsa. Wa zai sa wa yaɓe lamba? Wace mota za ta ɗauki soro? Ginin ƙasa inda aka haife shi nan yake mutuwa. Iyakar abin da za a iya shi ne a gina kamarsa a wani wuri.

An kuwa gwada. A Jos ta Nijeriya, a shekarun 1970, wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya, ya tara magina suka gina kwatankwacin masallacin Juma'a na Zariya, da wani yanki na ganuwar Kano, da fadar Katsina, kowanne da girmansa na ainihi. Aiki ne na ban mamaki. Amma ruwan Jos ya fi na Kano da Katsina yawa, kuma ɗakin da ba mai kwana a ciki ba mai ganin tsagarsa. Gine-ginen suka yi ta zaizayewa, kullum sai an nemo kuɗin gyara. Shi kuwa masallacin Zariya na ainihi, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ran Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashensa ya rufta a kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A farkon watan Satumba 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ruwan sama ya kayar da shi. Mutanen da kakannin kakanninsu suka yi sallah a ciki suna tsaye suna kallo ya zama tudun ƙasa. Wane gidan tarihi zai mayar mana da shi? Mutanen Maraɗi kuwa sun riga kowa sanin wannan ciwo, gama ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon garinsu na cikin fadama, aka hau tudu aka yanka sababbin unguwanni da igiyar awo. Ku tambayi tsofaffinsu abin da ya tafi da ruwan nan.

Saboda haka gidan tarihinmu na gaskiya shi ne garin da muke ciki. Birnin Damagaram ne da fadar Sarki da gidajen attajiran da, masu zane a fuska. Tsohon garin Agadas ne, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, wadda asalinta tun ƙarni na 16 ne, aka sake gina ta a 1844. Zauren mai unguwarku ne, da rumbun tsohuwar nan ta bayan kasuwa. Hasumiyar Agadas ba shinge ne ya tsayar da ita ba. Hannu ne, yau a shafa, baɗi a sake shafawa. Itatuwan nan da kuke gani sun fito daga jikinta, matakalar masu yaɓe ce da magini ya bari tun ran gini. A Jenne ta ƙasar Mali, inda aka sake gina babban masallaci a 1907, gari duka yake fitowa kowace shekara a yi yaɓe rana ɗaya, maza da kwanduna, mata da ruwa, yara da guje-guje. Abin da ake adanawa a ginin ƙasa shi ne maginin da al'adar gayya. In waɗannan biyu suka mutu, ko an kewaye bango da zinariya sai ya faɗi.

AMSA GA MASU CEWA ƘASA KISA TAKE YI

Na san abin da za a tashi a faɗa a taro, kuma mai faɗarsa ba wawa ba ne. Zai ce: a daminar 2024 ruwa ya kashe kusan mutum 400 a ƙasar nan, ya taɓa fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma da yawa daga cikin mamatan ɗakin ƙasa ne ya faɗa musu suna barci. Jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ashe kai mai takarda so kake mu ci gaba da kwana a cikin kabari?

Gaskiya ne, ɗakuna sun faɗi, mutane sun mutu, Allah ya jiƙansu. Ruwan da ake yi a shekarun nan kuwa yakan zo da ƙarfi a dare ɗaya. Ba mai musun wannan. Amma ku zo mu duba waɗanne ɗakuna ne suka faɗi, kuma me ya kayar da su.

Maginin da ba ya gini a kan hanyar ruwa. Yau an yanka filaye a cikin fadama da bakin ƙorama an sayar wa talaka. Maginin da yana zaɓen ƙasa, ya jiƙa ta, ya zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana kwanaki, sa'an nan a dunƙula tubali da hannu a shanya shi ya bushe sarai. Yana fara bango da kauri a gindi, yana rage shi yana hawa. Yau ana buga bulon ƙasa da safe a ɗora shi jibi, bango siriri tun daga ƙasa har sama, ba tushen kirki. Maginin da yana rufi da azarar giginya wadda gara ba ta ci, in ɗaki ya yi faɗi ya jera azara hawa-hawa daga bango biyu, yana ɗaurewa yana lulluɓewa da ƙasa har su haɗu a sama, shi ne bakan gizo. Yana shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, ya shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, ruwa ya zubo ya zame. Yana sa indararo mai tsawo don ruwan rufi ya faɗi nesa da gindin bango. Kafin kowace damina kuwa mai gida yana hawa ya duba, ya toshe tsaga. Yau indararo ya karye shekara uku ba a sake ba. Leda ta toshe magudanar unguwa. An ɗaga titi ya fi tsakar gida tudu, ruwan titi duka ya kwarara ya kwanta a gindin bango kwana biyu. Wane bango ne zai jure?

Ga kuma babbar cuta, wadda ake yi da sunan gyara: shafa siminti a kan bangon ƙasa. Siminti da ƙasa ba sa kama juna. Rana ta buga, simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Bangon ƙasa yana shan ruwa yana kuma fitar da shi in iska ta buga, amma an toshe masa numfashi. Daga waje sumul, daga ciki ya zama kunu. Mai gida yana ta alfahari da fenti har daren da abin zai sauko gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma tsagar da aka rufe da fenti ta fi ƙadangare haɗari.

Don haka mu faɗi gaskiya: sakaci da gaggawa da cinikin filaye su suka yi kisa, aka ɗora wa ƙasa laifi don ba ta da bakin musu.

Wanda kuma ya ce bulo da kwano su ne lafiya, ya shiga ɗakinsa da azahar a watan Afrilu ya zo ya ba mu labari. Bango mai kauri na ƙasa yana riƙe zafin rana, ba ya sakinsa ciki sai dare ya yi, lokacin da kowa yake tsakar gida. Kwano kuwa tanda ne. Mai kuɗi ya sa na'urar sanyi ya biya lantarki. Talaka fa? Ya ci bashi ya sayi zafi.

A takardun biro ana kiran ginin siminti "dur", wato mai ƙarfi, na ƙasa kuwa "banko", kamar abin da aka yi kafin a sami na kirki. Wannan rabo tun zamanin kwamandan ne, muka gaje shi ba mu bincika ba. Ku dubi abin da ya jawo. Ana jiran kuɗin siminti, dubban azuzuwan lakkwal suna nan na zana da kara. A watan Afrilu 2021 gobara ta kama irin waɗannan azuzuwa a Yamai, yara 20 suka ƙone. A watan Nuwamba na shekarar nan ta 2021 aka sake yi a Maraɗi, aƙalla yara 25. Ƙasa ba ta cin wuta. Ƙasa tana ƙarƙashin ƙafarmu kyauta. Mun ji kunyar ajin ƙasa, muka zaunar da ƴaƴanmu a cikin kara.

AMSA GA MASU SON HOTO

Akwai wasu kuma ta ɗaya gefen, su ma ba mu tare da su. Su ne masu zuwa da na'urar hoto, baƙi da ƴan gida, suna cewa kai, wannan unguwa da kyau take, kada a taɓa kome. Su kwana a otal mai sanyi, su bar tsohuwa da ɗaki mai yoyo, ba masai, ba famfo. Wannan ma idon 1931 ne, ya sake riga kawai. Ba wanda za a mayar dabbar kallo a gidan ubansa. Mai gidan ƙasa yana da hakkin lantarki da ruwan famfo da taga mai shigo da iska da tushe na dutse ko na siminti. Siminti na Malbaza yana da wurinsa: tushe, da magudana, da masai, da gada. Ba mu yi gaba da shi ba. Mun ƙi dai a ce shi kaɗai ne gini.

Hujja kuwa tana jihar Tawa. A ƙauyen Yama, a 1962, jama'a suka sa wani magininsu, Falke Barmu, ya gina musu masallacin Juma'a. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, wani tubali, wani ruwa, wani itace. Daga baya ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, ya ƙara hasumiya huɗu, kowace da irin fasalinta. A 1986 aka ba ginin lambar Aga Khan, wadda manyan masu zanen gini na duniya suke nema. Manomi ne ɗan ƙauye, da ƙasar ƙauyensu. A Dandaji kuma, a 2018, maimakon a rushe tsohon masallaci sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo babba a gefensa da bulon jar ƙasa da aka matse da inji. Mata biyu suka zana aikin, Mariyama Isufu ƴar ƙasar nan da Yasaman Esmaili, magina na wurin suka gina. In kuma an ce giginya ta yi wuya, gaskiya ne, amma tun shekarun 1980 ake koya wa magina a ƙasar nan rufin ƙasa zalla mai kama da tulluwa, wanda ba ya cin itace ko ɗaya. Wanda ya ce ginin ƙasa ba ya tafiya da zamani, ya hau mota ya je Dandaji. Gani ya kori ji.

AIKIN DA KE KAN KOWANE RESHE

Surutu ba ya tsayar da bango. Ga abin da muke roƙon kowane reshe ya yi kafin damina mai zuwa.

1. Sakatare ya ɗauki littafi ya zaga gari da dattawa biyu. A rubuta kowane tsohon gini: masallaci, zaure, soro, rumbu, ƙofar gari, marina. A rubuta wa ya gina shi, a zamanin wane sarki, wa yake ciki yanzu, ina ya tsage.

2. A rubuta sunayen magina da suka rage, da abin da kowannensu ya iya. A je gidan Sarkin Magina a gaishe shi, a nemi shawararsa. Kowane reshe ya nemo yara biyu masu hankali ya danƙa musu, reshe ya ɗauki abincinsu.

3. A sa ranar gayyar yaɓe, sau ɗaya a shekara, bayan an kai amfanin gona gida, tun kafin hadari ya fara haɗuwa. A fara da masallaci da ɗakunan gwauraye da tsofaffi marasa ƙarfi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Samari su bi unguwa su duba indararo, su yashe magudanai, su kwashe leda. Inda aka ga ruwa yana kwanciya a gindin bango a cika da ƙasa a ba shi gangare.

5. Duk wanda kuka ga zai shafa siminti a kan tsohon bangon ƙasa, ku je ku yi masa bayani da lalama, ku tafi da magini.

6. In an zo da maganar gina aji ko ɗakin likita ko rumfar kasuwa, wakilanmu su miƙe a gaban hukumar gari su tambaya: an auna kuɗin ginin ƙasa mai tushen kirki? In ba a auna ba, don me? Haka kuma su tsaya a hana yanka filin zama a kan hanyar ruwa, ko na wane ne.

7. Kada a rushe tsohon gini na jama'a sai an tara unguwa an yi shawara. Kada a sayar wa dillalai tsofaffin ƙyamare da kayan ɗaki don ƴan jikkuna kaɗan.

Wanda kuma Allah ya kai shi Yamai, ya shiga Muze, ya tafi da ƴaƴansa. In da hali ya tafi da kakarsu, ita za ta fi kowane allo bayani. Idan kun isa gaban ginin ƙasa kada ku ce musu "haka mutanen da suke". Ku ce musu wannan namu ne, ga sunan wannan, ga amfanin wancan, kakanku ya iya, kai ma za ka iya. In kun komo gida ku kai su zauren unguwa su ga irinsa da mutane a ciki.

Da muka fito ƙofar Muze da yamma, dattijon nan ya ce da ni, "Malam, in na mutu, kayan aikina a kawo su nan ko a ba wani yaro?" Ban ba shi amsa ba a ranar. Reshenmu ya zauna a kan maganar, mun samo masa yara biyu, sun fara taka ƙasa ran Asabar da ta wuce.

Muna jiran kowane reshe ya aiko da lissafinsa na gine-gine da na magina, za mu buga su a nan gari bayan gari. Reshen da bai aiko ba shi ma za mu buga sunansa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrinta. Wassalam.